Zaman Benci

Zuwa ga Edita,

 A makon jiya na yi alkawarin ci gaba da maganar kasuwar Sabon Birni, amma ina roƙon gafara, don wata magana ta gida ta sha gabanta, na kuwa ga ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Ina da wa, mutumin Burkusuma, yana da 'ya wadda Allah ya ba tsawo, ta kuma sami shiga wata jami'a a nan Arewa. Da zuwanta aka ɗauke ta cikin ƙungiyar ƙwallon kwando ta 'yan mata. Ran Juma'ar da ta wuce ta kira ni ta waya, muryarta na rawa, ta ce, "Baffa, na gaji. Kullum da an idar da sallar asuba muna fili muna gudu, sa'an nan in tafi aji ina gyangyaɗi, da la'asar kuma mu koma. An yi wasa tara, ban taka fili ba sai sau biyu, su ma ana gab da tashi. Ni ce mai ɗaukar ruwa, ni ce mai tattara riguna." Uban da ma ba da son ransa ta shiga ba. Da ya ji, sai ya ce mini, "To, ka gani ko? Karatu na aike ta, ba gadin benci ba. Ka gaya mata ta bari."

Ga waɗanda ba su san wasan ba, mutum biyar ne ke shiga fili daga kowane gefe, a yi minti 40. Akawu ba ya rabuwa da lissafi: biyar sau 40, minti 200 ke nan. Wannan shi ne iyakar tuwon da mai horarwa zai raba wa 'yan mata goma sha biyu ko fiye, kowacce kuwa a makarantarsu ta baya ita ce zakara. Mu Gobirawa da kokawa muka saba, inda mutum ɗaya ke shiga, in ya yi kaye kirari nasa ne, in ya sha ƙasa kunya tasa ce. Shi ya sa wana ya kasa gane yadda za a ce mutum yana cikin wasa alhali yana zaune. Na ce masa ya ba ni mako guda. Ga abin da na tanada masa, labarin shekara guda cikin wata ƙungiya da ta kai matuƙa a wannan sana'a.

A Amurka, 'yan matan jami'o'i su kan fara kakar wasa a watan Nuwamba, su ƙare farkon Afrilu. Dokarsu ta ce kada aikin wasa ya wuce awa 20 a mako, kuma a bar su su huta yini guda, amma ba a lissafa tafiye-tafiye a ciki, kuma wadda ta kasa a karatu ba ta da izinin shiga fili. Jami'ar Karolina ta Kudu, a hannun mai horarwa Dawn Staley, ta ci wasa 36 a jere, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe ran 31 ga Maris 2023. Nan jami'ar Ayowa ta kayar da ita da maki 77 da 73. A cikin wasan, Caitlin Clark, tauraruwar Ayowa, ta ga wata yarinya Raven Johnson riƙe da ƙwallo, sai ta yarfa mata hannu ta ƙi ko matsowa ta tsare ta, watau jefa mana, ba za ki ci ba. Hoton ya zagaya duniya. Raven ta faɗa daga baya cewa ta kalli wasan nan fiye da sau ɗari, har ta yi tunanin barin ƙwallon ɗungum.

Bayan wannan kaye, dukan mutum biyar da ke fara wa ƙungiyar wasa suka gama jami'a suka tafi. Waɗanda suka rage su ne masu zaman benci na bara, da baƙin yara, da wadda ta zo daga wata jami'a. A cikinsu akwai Kamilla Cardoso, 'yar Barazil mai tsawon ƙafa 6 da inci 7, wadda ta bar ƙasarsu tana 'yar shekara 15, ta kuma shekara biyu a ƙungiyar tana jiran wata ta gaji a sa ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wata baƙuwar yarinya, MiLaysia Fulwiley. A wasansu na fari, wanda aka yi a birnin Paris ran 6 ga Nuwamba 2023, ta yi wata gwaninta da ƙwallo da ta sa manyan 'yan wasan duniya suka yi ta yabonta. Kafin watan ya ƙare, a wasansu da Karolina ta Arewa, Staley ta ba ta minti uku kacal ta zaunar da ita, saboda ba ta kula da tsaron gida. Ku duba fa, jama'a, yarinyar da duniya ta gama tafa wa, ga ta zaune tana kallo, kuma ba ta da bakin magana! Ta gyara. A watan Maris 2024 ita aka zaɓa gwarzuwar gasar yankinsu, da maki 24 a wasan ƙarshe, kuma daga benci ta taso ta ci su.

Kada a ce komi lami lafiya ya tafi. Kwana guda kafin wannan, saura kamar daƙiƙa ɗaya jami'ar Tenesi ta kayar da su, sai Cardoso ta jefa daga nesa, jifa mai maki uku, irin wadda ba ta taɓa ci ba tun shigarta jami'a, ta kuwa shiga, aka tashi 74 da 73. Kashegari ita ɗin ce ta fusata ta ture wata 'yar wasa, alƙali ya kore ta, aka kuma hana ta wasa na gaba. Haka rayuwar ta ke, jiya a ɗaga ka, yau a nuna ka da yatsa.

Ran 7 ga Afrilu 2024 suka sake gamuwa da Ayowa, wannan karon a wasan ƙarshe. Ayowa ta ci maki 10 kafin su ci ko ɗaya, Clark ita kaɗai ta zuba 18 a rubu'in farko. Sai aka ɗora mata Raven Johnson, wadda ta yarfa wa hannu bara. Raven ta manne mata, har ta ƙwace ƙwallo daga hannunta gab da hutun rabin lokaci ta tafi ta ci. Aka tashi 87 da 75, wasa 38 ba kaye ko ɗaya. Ga lissafin da na ke so wana ya ji: waɗanda suka taso daga bencin Karolina sun ci maki 37, na bencin Ayowa ba su ci ko ɗaya ba. Wadda ta fi kowa ci a ƙungiyar ran nan, Tessa Johnson, mai maki 19, 'yar shekarar fari ce, daga benci kuma ta taso.

Wani zai ce ina ruwanmu da Amurka? To, 'yan matan Nijeriya da suka kayar da Ostireliya da Kanada a wasannin Olamfik na 2024, suka zama ƙungiyar Afirka ta fari da ta kai zagayen takwas na ƙarshe, da yawansu ta wannan hanya suka biyo. Mai horar da su, Rena Wakama, da Amy Okonkwo, da Ezinne Kalu, duk a jami'o'in can suka yi wasa. Murjanatu Musa kuwa a gasar gida ta fito. Maganar sutura ma, da na san ita ce ke cin zuciyar malamai, hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta yarda a yi wasa da ɗankwali ko hijabi tun 2017, 'yar wana kuwa da nata ta ke shiga.

Amma ba zan ruɗi wana ba, ba kuwa zan ruɗi masu karatu ba. Yarinyar da ke zaune a bencin Karolina an ɗauke mata kuɗin makaranta da abinci da magani, in gwiwa ta goce akwai likita. Tamu kuwa da gero da waken Burkusuma a ke biya mata, ga kuma halin da hanyoyinmu su ke ciki, ba kullum a ke kai amfanin gona kasuwa ba. Har wa yau, Staley ta raba mintocin nan 200 tsakanin mutum tara, kuma wadda ta zaunar ta san dalili. Mai horarwar da ya ajiye yarinya shekara guda bai taɓa ce mata ga laifinki ba, wannan ba horo ya ke yi ba, ɗaukar ruwa ya samu a banza.

Don haka na kira ta na ce ta tafi wurinsa da ladabi, ta tambaye shi abin da ya rage mata, ta rubuta amsar ta aiko mini. Wana kuma ya yarda, da ƙyar, a bar ta ta ƙarasa kakar bana, bisa sharaɗin ya ga takardar jarrabawarta. In ta yi ƙasa da ta bara, ba sauran magana. Malaman makaranta da suka taɓa riƙon ƙungiyar 'yan mata, ina roƙonsu su rubuto su gaya mana yadda su ke raba nasu tuwon. Maganar kasuwa sai mako mai zuwa, in Allah ya so.

Ni ne naku,
Akawu, Sabon Birnin Gobir.