Kafin Mu Ce "Netwok Ne", Mu Duba Agogo

Wannan makon alƙalami ya faɗo hannunmu, kuma mun san wasu za su ga kanun su ce me ya haɗa marubuci da aikin masu kwamfuta. A daure a karanta zuwa ƙarshe, in ya so a yi mana raddi.

A shekararmu ta ƙarshe ta difloma a poli, mu uku muka haɗu a kan aikin kammalawa. Muka rubuta 'yar manhajar waya wadda dillalin albasa zai riƙa shigar da buhunan da ya karɓa, da sunan mai kaya, da kuɗin da ake bin sa. A cikin Sakkwato, a ɗakin kwamfuta, tana buɗewa kafin ka ƙifta ido. Muka samu maki mai kyau, kai ya kumbura. Da hutu ya zo muka kai ta Wurno wurin kawun ɗayanmu da ke harkar albasa da tafarnuwa, muka saka masa a waya, muka nuna masa inda zai latsa. Kwana uku ya kira mu.

"Ku ɗiyan nan, wanga abu da kunka kawo, kahin ya buɗe mai kaya ya kai Achida ya komo."

Muka ce, "Kawu, ai netwok ne."

Ya ce to, Allah ya yi albarka. Ya koma wa littafinsa mai bangon kwali da bironsa.

Wannan amsa tamu ita ce abin da muke son mu tattauna. "Netwok ne" ta zama bargon da kowa ke lulluɓa da shi: mai POS, ma'aikacin banki, mai shagon buga takardu, har da mu masu rubuta manhaja. Sau da yawa gaskiya ce. Duk wanda ya taɓa ɗaga waya sama yana neman sabis a ƙauyukan Rabah ya san ba ƙage ba ne. Amma mu a ranar ba mu san ko gaskiya muka faɗa ba. Zato muka yi, kuma muka zaɓi zaton da ya wanke mu.

Wani yayanmu a harkar ne ya kunyata mu da tambaya ɗaya: sakan nawa take ɗauka, kuma a wane mataki? Ba mu da amsa. Ya ce mu je mu saka mata agogo.

Abin ba shi da wuya kamar yadda sunansa ke tsoratarwa. Manhaja jerin umarni ce, wannan bayan wannan. Sai ka je gaban kowane mataki ka ƙara layi ɗaya da ke cewa "duba agogo ka riƙe", ka je bayansa ka ƙara wani da ke cewa "sake duba agogo, ka debe na farko daga na biyu, ka rubuta sakamakon a rajista tare da sunan matakin". Shi ke nan. Kusan kowane harshen rubuta manhaja yana da agogon da aka tanada don haka. A Python akwai perf_counter, a JavaScript akwai performance.now, kuma suna iya auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Mu wuri huɗu muka saka: lokacin buɗewa, lokacin neman bayanai daga sabar, lokacin sauko da hoto, da lokacin jera sunaye a fuskar waya. Muka koma Wurno, muka zauna a rumfar kawu, muka buɗe muka rufe har yamma.

Da muka karanta rajistar sai jikinmu ya yi sanyi. Neman bayanai, wanda shi ne ainihin aikin, bai ci wani lokacin kirki ba. Abin da ya cinye mafi yawan jiran shi ne wani ƙaton hoton tarin albasa da muka liƙa a shafin farko don ado, wanda manhajar ke sake saukowa da shi daga intanet duk lokacin da aka buɗe ta, kuma ba ta nuna komai sai ya gama sauka. A ɗakin kwamfuta ba a jin nauyinsa. A Wurno shi ne jakin da ya kwanta a tsakiyar hanya. Netwok yana da nasa laifin, amma mu muka ɗora masa kayan da ba dole ba. Gyaran bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Sai dai kawu bai ƙara buɗe ta ba har yau, kuma ba mu ga laifinsa ba. Mutumin da mai kaya ke tsaye a kansa, lebura na jiran sallama, mota na shirin tashi, sau ɗaya zai ba ka dama.

Daga baya muka gane ba mu ne farkon faɗawa wannan rami ba. Donald Knuth, masanin kwamfuta na Jami'ar Stanford a Amurka, ya bi ɗimbin manhajojin da aka rubuta da harshen FORTRAN ya auna su, ya wallafa sakamakon a 1971. Ya tarar cewa ƙasa da kashi 4 cikin 100 na layukan manhaja ne galibi ke cinye fiye da rabin lokacin da take aiki. A wata maƙalarsa ta 1974 ya ƙara jan kunne cewa hasashen masu rubuta manhaja game da inda jinkiri yake yakan zama kuskure, don haka a auna kafin a taɓa komai. Idan ƙwararrun da suka rubuta abin da hannunsu ba sa iya cankar inda matsalar take, ina ga mu 'yan difloma uku da hoton albasa?

Amma auna lokaci shi ma yana da nasa tarkon, kuma a nan muke son mu ɗan daɗe, don a nan ake cutar mutanenmu ba tare da an yi niyya ba.

Tarko na farko shi ne matsakaici. A ɗauka an buɗe manhaja sau 100. Sau 90 ta buɗe cikin sakan 1, sau 10 kuma ta ɗauki sakan 31. Idan ka tara ka raba, matsakaicin sakan 4 ne. Mai manhaja zai duba ya ce ba laifi. Alhali babu mutum ko ɗaya da ya jira sakan 4: wasu ba su jira ba sam, wasu kuma sun jira rabin minti. Su wa ke cikin goman nan? Ba mai zaune a Mabera ko Gawon Nama ba ne. Manomin rani ne a fadamar Goronyo, da malamar makaranta a Gandi, da mai tsohuwar waya wadda ma'ajiyarta ta cika. Matsakaici yakan haɗiye su ya shafe baki. Shi ya sa masu aikin da gaske ba sa tsayawa a kansa. Sukan jera lokutan daga mafi sauri zuwa mafi nawa, su duba na 95 ko na 99 cikin ɗari, su tambayi kansu: wanda ya fi kowa shan wahala, nawa ya jira? Jakob Nielsen, mai nazarin yadda mutane ke mu'amala da kwamfuta, ya yi bayani tun 1993 cewa abin da ya amsa cikin kashi ɗaya cikin goma na sakan mutum yana jin sa kamar nan take, sakan 1 ba ya katse masa tunani, amma da an haura sakan 10 hankalinsa ya tafi wani wuri. Kawu bai karanta Nielsen ba, ya dai yi abin da Nielsen ya ce zai yi.

Tarko na biyu agogon ne kansa. Agogon da ke nuna ƙarfe nawa a waya yana iya tsalle gaba ko baya, ko don mai ita ya gyara shi, ko don ta daidaita kanta da na kamfanin layi. Kowa ya san ƙaramar wayar da in an cire batir sai ta koma wata tsohuwar shekara. Idan da irin wannan ka auna, wata rana rajista za ta ce maka aiki ya ƙare kafin ya fara. Kada a ɗauka wasa ne: a daren shiga 1 ga Janairun 2017, da aka ƙara sakan ɗaya a agogon duniya, wani sashe na manhajar kamfanin Cloudflare ya debe lokaci daga lokaci ya samu abin da bai kai sifili ba, ya rikice, wasu shafukan intanet suka ƙi buɗewa na ɗan lokaci. Maganin shi ne a yi amfani da agogon da ba ya komawa baya, mai ƙirgawa gaba kawai, irin waɗanda muka ambata a sama.

Na uku ba na lissafi ba ne, na amana ne. Rajista ta lokaci ce, ba ta asirin mutane ba. Ka rubuta sunan mataki, da tsawon lokaci, da irin wayar, da ƙarfin sabis. Sunan mai kaya da lambar wayarsa da bashin da ke kansa ba su da gurbi a ciki. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ko ba doka, a yankin da sanin wane ne ya sayar da buhu nawa zai iya jawo wa mutum baƙin dare, wannan ba abin sakaci ba ne. Kuma kada rajistar ta yi yawa har ta zama ita ce ke cinye data da batirin wanda aka ce ana taimako.

Mu da muka tashi a gabashin Sakkwato bai kamata a koya mana darajar rajista ba. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan kogin Rima an gina ta ne ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. A watan Satumban 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a kwarin Rima, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma ruwan ya ja baya har aka ba da rahoton saura kusan kashi ɗaya cikin goma. Madatsa ɗaya, fuska biyu. Wanda ya leƙa ma'aunin ruwa rana ɗaya ya tafi, lamba kawai ya gani. Wanda ke rubuta ta kullum da kwanan wata shi ne zai ga ruwan na hawa ko na sauka tun kafin ya iso ƙofar gida. Haka manhaja take. Gwajin da muka yi sau ɗaya gaban malamai leƙe ne. Rajistar da ke gudana ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da rani da damina, ita ce sani.

Akwai ma lokacin da lambar da za a rubuta ba ta da iyaka. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, Rabah da Goronyo na ciki. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, duk mun ga yadda aka yi ta tsayuwa gaban masu POS ana kallon 'yar da'ira tana juyawa. Mai rubuta manhaja don wannan yanki da bai tambayi kansa me za ta yi idan amsa ba ta zo ba ko kaɗan, don wani gari ya rubuta ta.

To ina ruwan marubuci? Ruwansa da tsaki. Yawancinmu a nan ba a Kasuwar Kurmi ko gaban masu sayar da littattafai ake samun mu ba, a waya ake karanta mu: WhatsApp, Facebook, Wattpad, da manhajojin sayar da littattafan Hausa. Muna haɗa littafi mu cika shi da bango mai nauyi da hotuna a kowane babi, mu tura, mu zauna jiran yabo. Idan shiru ya yi yawa sai mu ce mutane sun daina karatu. Wannan ita ce "netwok ne" ta marubuta. Wa ya taɓa ba ƙanwarsa da ke Rabah littafinsa ya ce ta duba minti nawa ya ɗauka kafin ya sauka, kuma data nawa ya ci? Wa ya taɓa karanta babinsa na farko a bayyane da agogo a gefe, ya ga minti nawa ake yi kafin wani abu ya faru a labarin? Mun gwada da wani gajeren labarinmu. Jarumar ta shafe minti shida tana kwalliya gaban madubi. Hoton albasa ne ya sake dawowa, ya canza riga.

Mun san abin da wasu manyanmu a ƙungiya za su ce, don an faɗa mana a wani zaman karatu: adabi ba buhun shinkafa ba ne da za a ɗora a sikeli. Mun yarda da rabin maganar. Agogo ba zai gaya maka ko jimla ta yi daɗi ba, kuma akwai shafin da jinkirinsa shi ne kyansa. Ko a manhaja, rajista ba ta cewa a cire abu, nuna inda lokaci ya tafi kawai take yi, hukunci na mai aikin ne. Da mun ga hoton nan ya cancanci jiran da ake yi masa, da mun bar shi. Inda muka rabu da su shi ne a ce kada ma a duba. Wanda ya ƙi dubawa bai kare fasaharsa ba, zatonsa ya kare.

Sannan akwai aikin da in ba mu yi ba, ba mai yi. Duk bayanin da ke sama da Turanci muka koye shi, da ƙyar, muna fassara wa juna a ɗakin kwana. Ƙannenmu da ke shiga poli bana daga Wurno da Goronyo haka za su sha. Mun ce "rajista", mun ce "agogon da ba ya komawa baya", mun ce "na 95 cikin ɗari". Wataƙila wani a zauren nan yana da kalmomin da suka fi waɗannan zama a baki, musamman 'yan uwanmu na Kano da Zariya da Maraɗi, mu ji yadda ake faɗa a can.

Mu dai ranar kasuwar Achida mai zuwa za mu koma rumfar kawu da sabuwar manhajar, ba hoto, tana aiki ko ba sabis. Ya ce zai ba mu tsawon lokacin da yaro zai ɗaure bakin buhu ɗaya.