Waiwaye: Ganuwar Haɗejiya da Yaɓen da Aka Daina

A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka shiga Haɗejiya, aka gwabza unguwa-unguwa har ƙofar fada, inda Sarki Muhammadu ya faɗi, shi ne ake kira Mai Shahada. Kowane ɗan garin ya san wannan labari. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: ina ganuwar da ta tsaya wa garin tun kafin zamanin Sarki Buhari, wanda ya gagari Sakkwato da Kano?

Ta wuce yaƙin da ranta. Abin da ya ci ta daga baya sakaci ne. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Da zarar kaka ta yi, an gama girbi, sai a raba ganuwa kashi-kashi tsakanin unguwanni da ƙauyuka, a fita gayya. A haƙo ƙasa daga gindinta, ramin ya zama gwalalo, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali, a toshe inda damina ta zaizaye. Soraye kuwa sai an duba azara saboda gara, an gyara indararo, an shafe da makuba. Da hari ya ƙare, dalilin gayyar ya tafi. Ruwa ya yi nasa, masu neman ƙasar gini suka yi nasu, gidaje suka hau sauran.

A wasu ƙasashe kuwa kufai kan farfaɗo. A Sikotilan akwai wata fada ta dutse a kan ɗan tsibiri, Eilean Donan. Jiragen ruwan yaƙin Ingila suka rushe ta a 1719, ta zama kufai kusan shekara 200. Wani soja, John MacRae-Gilstrap, ya saye ta a 1911, aka yi shekara 20 ana gini, aka gama a 1932. Masana na ƙorafin cewa an ƙara mata kwalliyar da ba ta da ita a da, kuma da gaskiyarsu. Duk da haka yau baƙi na tururuwa suna biyan kuɗin shiga.

Sai dai dutse yana iya jiran mai gyara. Ƙasa ba ta jira, balle a bakin kogi kamar Haɗejiya, inda ruwa ke kwana a gindin bango. Shi ya sa ban yarda da gyaran da muka saba ba, wato a rushe tsohuwar ƙofa a ɗora ta siminti, a shafa jan fenti. Wannan sabon gini ne mai tsohon suna.

Gayyar kuwa ba ta mutu ba. Duk wanda ya ga matasan Haɗejiya a ambaliyar 2020 da ta 2022, suna kwana suna ɗura buhuna da ƙasa don ƙarfafa jinga, ya san hannun yana nan. Abin da ke ƙarewa shi ne tsofaffin maginan da suka iya ɗaurin guga.

Masarauta da gwamnatin Jigawa su keɓe abin da ya rage na ganuwar, su hana ɗibar ƙasa a wurin, su nemo waɗannan dattawa a haɗa su da matasa, a kuma sa kuɗin yaɓe cikin kasafin kowace shekara.