Maƙnin: tsuntsun da muryarsa ta jawo masa keji

A wannan fitowa za mu tsallaka Sahara domin mu duba wani ɗan tsuntsu da ba ya zama a ƙasarmu, amma wanda duk ya taɓa shiga kasuwannin Aljeriya ko Maroko da wuya a ce bai ji kukansa daga cikin keji ba. Mutanen Aljeriya suna kiransa maƙnin, Larabawan Sham suna ce masa hassun, da Faransanci kuwa "chardonneret élégant". Sunan ya fito daga "chardon", wata ciyawa mai ƙaya wadda irinta ne abincin da ya fi so.

Ƙanƙane ne, bai kai gwara ba: tsawonsa santimita 12 zuwa 13, nauyinsa giram 14 zuwa 19. Fuskarsa ja ce, kansa fari da baƙi, da ratsin rawaya a fiffike. Asalin mazauninsa Turai ne da Arewacin Afirka da yammacin Asiya har zuwa tsakiyarta. Na ƙasashen sanyi suna gangarowa kudu idan hunturu ya yi, sai dai iyakarsu gaɓar Bahar Rum da kewayenta, ba sa ƙetare hamada. A ƙarni na 19 Turawa suka kai shi Ostareliya da Niyu Zilan, ya kuwa zauna ya yaɗu. Kada a rikita shi da ɗan'uwansa na Amurka mai launin rawaya. Wannan wani jinsi ne dabam.

Lokacin haihuwarsa yana farawa ne da bazarar can, wajen watan Afrilu. Macen ce kaɗai ke ginin sheƙa, cikin kamar mako guda, namijin yana rakiya amma ba ya ɗaukar ko tsinke. Takan zaɓi ƙarshen reshe mai lilo, can sama, inda ganye ya rufe. Ta haɗa gansakuka da ƙananan saiwoyi, ta ɗaure su a reshen da saƙar gizo-gizo, sa'an nan ta shimfiɗe cikin da audugar ciyawa. Sheƙar tana da zurfi, don kada iska ta zubar da ƙwai idan reshe ya kaɗa. Takan saka ƙwai 4 zuwa 6, farare masu ɗigon ja-ja, ta yi kwanci kwana 11 zuwa 13, kuma a nan ne aikin namiji ke bayyana, domin shi ke kawo mata abinci har baki. Bayan ƙyanƙyashewa ƴaƴan sukan yi kwana 13 zuwa 18 kafin su tashi, iyayen kuma su ci gaba da ciyar da su kamar mako guda. A shekara sukan haihu sau biyu, wani lokaci uku. Ɗan da ya tashi ba shi da jan fuskar nan sai ya sake gashi a kaka.

Da irin wannan yawan haihuwa ya kamata a ce dazuzzukan Magrib cike suke da shi. Ba haka abin yake ba. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda Rassim Khelifa ya jagoranta, ya nuna cewa a cikin shekara 26 yankin da ake samunsa a yammacin Magrib ya ragu da fiye da rabi, alhali an ƙiyasta sama da miliyan 15 suna tsare a keji cikin gidaje. Dokar Aljeriya ta hana kama shi, amma da ya yi ƙaranci sai kuɗinsa ya tashi, ƴan sumoga suka koma shigo da shi daga Maroko. Masu kiwo kuma suna haɗa shi da kanari don zaƙin murya, abin da aka haifa kuwa galibi ba ya haihuwa. A ganinmu, wanda ya sayi wanda aka kamo daga daji yana da hannu a cikin ɓarnar, ko da bai taɓa ɗana tarko ba.

Abin ya shafe mu ta wata hanya. Ragar da mafarauta ke shimfiɗawa ba ta zaɓe, takan kama har da ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da ke yada zango a Magrib kafin su tsallako hamada zuwa Sahel, inda suke cin ƙwari a gonakinmu da fadamunmu lokacin rani.