Da Wane Harshe Muke Rarrashin 'Ya'yanmu?

Gaisuwa ta musamman ga iyaye mata masu goyo, da magidanta masu ƙananan yara a ikkilisiyoyinmu na Yauri da Ngaski da Shanga, da dukan tungayen da ke bakin tafkin Kainji, gama maganar yau taku ce.

Kwanakin baya, bayan sujadar Lahadi, na kai ziyara gidan wani ɗan'uwa a wata tunga kusa da Wara. Muna zaune a inuwa, uwargida tana gyaran kifi, sai tsohuwar gidan ta kira jikanta mai shekara 4 da Kambarci, ta ce ya kawo wa baƙo ruwa. Yaro ya tsaya yana kallon bakinta. Ta maimaita, bai motsa ba. Da uwarsa ta faɗa masa da Hausa, nan da nan ya ruga ya ɗauko moɗa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na tashi tafiya, tsohuwar ta rako ni bakin ƙofa, ta ce mini a hankali ita yanzu baƙuwa ce a gidan ɗanta: jikokinta 5, amma ba wanda za ta yi wa tatsuniya sai da tafinta. Tun daga ranar, dariyar nan da na yi take damuna.

Kafin in nuna wa kowa yatsa, bari in fara da gidana. Ni da matata duka Kambari ne, da yare muka tashi. Bayan na gama makarantar tauhidi aka tura mu aiki cikin gari, muka shiga renon yaranmu da Hausa, da ɗan Turancin da ya samu. Ba mu taɓa zama mun yanke shawarar barin yare ba, haka nan ya sulale. Wuri biyu kawai ya rage masa a gidan: in muna so mu ɓoye wa yara magana, da kuma in raina ya ɓaci. Wata rana da dare ina yi wa matata hira mai daɗi da yare, muna dariya, sai ɗan farinmu, yana ɗan shekara 5 a lokacin, ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba, me na yi?” A kunnensa, harshen kakanninsa harshen faɗa ne. Yau ya girma, yana jin gaisuwa da 'yan kalmomi, amma har mahaifiyata ta koma ga Ubangiji bai taɓa yin hirar minti 10 da ita ba. Laifina ne, ba nasa ba.

Abin da nake so in faɗa ke nan: yare yana rayuwa ko yana mutuwa a tsakar gida ne, a bakin murhu, a wurin wanka, a kan tabarmar barci, kafin yaro ya kai shekara 6. Uban da ya hana ɗansa yare ya raba shi da kakanninsa tun suna da rai.

Yadda muka zo nan

Ruwa ba ya tsami banza. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya cika ya haɗiye tsohuwar Bussa da gungaye masu yawa. Mutane wajen 44,000 aka tayar daga mazauninsu. A cikinsu har da Gungawa, masu kiran kansu Bareshe, waɗanda aka sani da su da noman albasa a gungayen Kwara tun kaka da kakanni. A kan gungu, yaro yana tashi ba ya jin komai sai Tsureshe daga safe har dare. Da aka dawo tudu, aka cuɗanya da kasuwa da makaranta da baƙin masunta daga wurare dabam dabam, Hausa ta zama harshen da ya haɗa kowa. Yau Gungawa da yawa ba sa jin Gunganci. Na Shangawa ya fi tsanani: harshensu, ɗan'uwan Busanci da Kyanganci, ya rage a ƙauyuka kaɗan kawai. Mu Kambari da Dukawa da Dakarkari kada mu ce mun tsira don muna da yawa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu a ikkilisiya ma muna da hannu. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da shi aka yi mana bishara, da shi muka koyi karatu, da shi aka horar da masu bishara da fastoci. Wannan babbar albarka ce, ba na raina ta. Amma a hankali wani tunani ya shiga zukatanmu, wai Hausa da Turanci su ne harsunan addu'a da wayewa, yare kuwa na gargajiya ne da zaman daji. Da yawa cikinmu an yi mana ba'a muna yara saboda karyayyar Hausarmu, muka yi alkawari a zuci cewa 'ya'yanmu ba za su sha wannan kunya ba. Ƙauna ce ta sa muka yi haka, na sani. Sai dai maganin ya zo da nasa ciwon.

Abin da iyaye ke faɗa

In na tayar da wannan magana a taron zumuntar mata ko na maza, amsa uku nake ji.

Ta farko, wai harshe biyu zai rikita yaro, ya jinkirta masa magana. Mu dubi kanmu. Wane ne cikinmu da ya haura shekara 40 bai tashi da yare a gida da Hausa a kasuwa ba? Wa ya rikice? Masana renon yara sun daɗe da tabbatar da cewa ƙaramin yaro yana ɗaukar harshe biyu ko uku a lokaci guda. Zai riƙa cakuɗa su da fari, daga baya ya ware kowanne da kansa. Babba ne yake wahalar koyon harshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ta biyu, wai yare zai ja shi baya a makaranta. An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su, kuma Turancinsu bai lalace ba. Yaron da ya iya tambaya da ba da labari da ƙirga a harshen gida ya riga ya sami tushen da malami zai yi gini a kai.

Ta uku, wai me yare zai saya masa? Gaskiya ne, ba a rubuta jarrabawa da shi, ba a neman aikin gwamnati da shi. To, me tsohuwar nan ta Wara take so ta ba jikanta da kuɗi zai saya? Tana da tatsuniyoyi. Ta san tarihin gidan, wa ya haifi wa, daga wane gungu ko wane dutse aka taso. Ta san ganyen da ake ci da wanda ba a taɓawa. Kakansa ya san sunan kowane kifi, daga giwan ruwa har ƙurungu, ya san alamar iska kafin ta tashi a tafki, ya san inda kututturen itatuwan da ruwa ya shanye suke ɓoye suna jiran kwale-kwale. Da yare suka ajiye wannan sani, da yare kuma yake fita da daɗi. In tsoho ya koma yana laluben kalma a harshen da ba nasa ba, sai ya gajarta magana, daga baya ya yi shiru. Sai waya ta ɗauki wurinsa. A gidaje da yawa yanzu, in an ci tuwon dare, yara sukan taru a kan wayar babansu suna kallon fim, kaka tana gefe tana gyangyaɗi.

Kada mu jira gwamnati

A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru 6 na firamare. A Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan manufa, aka koma ga Turanci. Ko a lokacin da manufar take nan, a yankinmu Hausa ce za ta shiga aji, gama ina malaman Gunganci ko Kambarci, ina littattafan? Duniya tana bikin ranar harshen uwa kowace 21 ga Fabrairu, amma biki na yini ɗaya ba ya koya wa jariri magana. In uwa da uba ba su yi ba, ba mai yi.

Akwai wani abu a Bisharar Markus da nake yawan tunani a kai. Da Helenanci aka rubuta littafin, amma a sura 5, inda Ubangiji ya kama hannun 'yar Yayirus ya tashe ta, marubucin ya bar kalmomin a Aramiyanci yadda aka furta su, sa'an nan ya fassara. Wato da harshen gida aka kira yarinyar, harshen da uwarta take tashe ta da shi kowace safiya. Timoti ma, a hannun kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya fara sanin bangaskiya. Da a ce Timoti ba ya jin maganar kakarsa fa?

Abin da za mu iya yi daga yau

Ba kuɗi ake bukata ba, ba kuma ilimin boko ba.

Na farko, uwa, ki rarrashi jaririnki da yare. In kina ba shi nono, in kina yi masa wanka, in kina goya shi zuwa gona ko bakin ruwa, ki yi ta yi masa magana. Ki kira masa sunan hannu da ƙafa da hanci, sunan kaza da akuya. Kada ki ce bai san komai ba tukuna, kunnensa yana tarawa.

Na biyu, a keɓe lokacin tuwon dare ya zama na yare. A ajiye waya, a kashe rediyo. In yaro ya amsa da Hausa, kada a doke shi, kada kuma a yi masa dariya in ya karya kalma. A maimaita masa daidai, a wuce. Dariya ce ta kori yawancinmu daga harshenmu, kada mu kori 'ya'yanmu da ita.

Na uku, maigida, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Na san masunci yana fita da dare, manomin albasa yana yini a fadama, kowa yana dawowa a gajiye. Amma sa'ad da kake ɗinkin taru a gindin itace, ɗanka yana kusa. Kira shi ya riƙe maka zare, ka faɗa masa sunayen abubuwa. Ka yabe shi da yare, ka sa masa albarka da yare, domin kada ya san harshenku a bakin bulala kaɗai kamar yadda nawa ya sani.

Na huɗu, a mayar wa kaka da kujerarta. A bar yara su kwana a ɗakinta wani lokaci. A roƙe ta ta yi musu tatsuniya da yare ko da ba su gane duka ba. Waɗanda ke zaune a Yelwa ko Birnin Kebbi ko Kontagora su kai yara gida lokacin hutu, ba sai ranar jana'iza ba.

Na biyar, addu'ar kwanciya barci, ko jimla biyu ce, a yi ta da yare. Bari yaro ya sani Allah yana jin Kambarci da Gunganci da Dukanci. Aikin harshen Kambari da ke Salka a Jihar Neja ya fitar da littattafan koyon karatu da Sabon Alkawari a Tsishingini da Tsikimba da Cishingini. Kada su tsufa a akwatin fasto. Malaman makarantar Lahadi su sa waƙar yare ko ɗaya a kowane mako, mu fastoci kuma mu daina jin kunyar gaishe da yara da harshen iyayensu.

To, gidan da miji Bakambare ne, mata Badakkara fa? Irin wannan aure ya yi yawa a cikinmu, kuma abin godiya ne. Kowa ya yi wa yaro nasa, Hausa ta zama ta tsakani. Yaron zai tashi da uku, ya shiga gidan kakanni biyu ba tare da tafinta ba. Wanda kuma shi kansa yaren ya kuɓuce masa, kada ya fid da zuciya. Ya koya tare da ɗansa a gaban tsohuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada wani ya ɗauka ina gāba da Hausa. Ga shi da ita nake rubuta muku. Ita ce ta haɗa Bakambare da Bagunge a benci ɗaya ranar Lahadi, ita ce muke gaisawa da ita da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne na jini kuma wannan damuwa ta shafe su kamar yadda ta shafe mu. Yaranmu za su iya Hausa ko mun so ko mun ƙi, gama tana jiransu a ƙofar gida. Turanci yana jiransu a makaranta. Yare ne kaɗai ba shi da inda zai jira su in ba a bakinmu ba.

Yanzu ina da jika mai shekara 2. Na roƙi iyayenta izini, ni da kakarta ba ma yi mata magana sai da Kambarci. Makon jiya ta miƙo mini ƙoƙo ta roƙi ruwa da kalmar da mahaifiyata take faɗa. Na ba ta ruwan, na shiga ɗaki na yi godiya da hawaye.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon waɗannan ƙanana da ya danƙa a hannunmu. Amin.