Wa Ya Raba Bangaskiya da Jiki?

Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Saboda haka tun daga farko muna so mai karatu ya san cewa wannan magana ta cikin gida ce. Mu Kiristoci ne masu magana da Hausa, kuma da 'yan'uwanmu Kiristoci muke. Mun san abokan zamanmu Musulmi suna girmama Annabi Isa, amma ba su yarda da abin da muka gaskata game da shi ba, kuma ba mu zo jayayya da su a nan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar Asabar, 21 ga Disamba, 2024, saura kwana huɗu Kirsimeti, jama'a suka yi dafifi tun kafin gari ya waye a ƙofar majami'ar Katolika ta Holy Trinity da ke Maitama a Abuja, inda aka shirya rabon abinci ga mabukata. Aka yi turereniya. 'Yan sanda suka ce mutum 10 sun rasu, har da yara 4. Maitama fa, unguwar manya da ofisoshin jakadanci, a nan ne mutane suka mutu wajen neman mudun shinkafa. Ba mu ɗora wa masu rabon laifi ba, domin su dai sun miƙa hannu a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, bayan cire tallafin man fetur a 2023. Laifin da muke nema yana wurinmu, mu da muka ji labarin, muka girgiza kai, muka wuce wurin tela karɓar ɗinkin Kirsimeti.

Mene ne ma muke yi wa biki a ranar nan? Tushen bangaskiyarmu shi ne cewa Allah ya ɗauki jiki irin namu cikin Yesu Almasihu. Maryamu ta yi cikinsa, ta haife shi a Baitalami, aka kwantar da shi a komin dabbobi. Ya girma a Nazarat a gidan masassaƙi, ya ji yunwa da ƙishirwa, ya gaji da tafiya, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa, aka kuma gicciye shi da ƙusoshi na gaske. Tun farkon ƙarni na 2 aka sami waɗansu da suka ga wannan ya yi wa Allah ƙasƙanci, suka ce jikin Almasihu kama ce kawai, kamar inuwa. Ignatiyus, bishop na Antakiya, ya yi ta yaƙar wannan koyarwa a wasiƙunsa yana kan hanyar Roma inda aka kashe shi, kuma cikin abin da ya zarge su da shi har da rashin kula da gwauraye da marayu da masu yunwa. Ya gane cewa wanda ya raina jikin Almasihu ba zai daɗe ba sai ya raina jikin maƙwabcinsa. A shekarar 451 taron ikkilisiya na Kalsidon, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya tabbatar da cewa Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum kuma.

To, jama'a, wannan tsohuwar karkata ba ta mutu ba, riga ta sake. Ba wanda zai hau bagade a Abuja yau ya ce Yesu ba shi da jiki, amma sau nawa muka ji an ce wa mai yunwa matsalarsa ta ruhu ce, ya ƙara azumi, ya ƙara baiko, ƙofarsa za ta buɗe? Sau nawa aka auna albarkar Allah da tsawon mota da faɗin ginin majami'a? In da arziki ne ma'aunin yardar Allah, da wanda aka haifa a komin dabbobi shi ne farkon wanda zai faɗi jarrabawar. Mai gadin da ya baro Mpape da asuba, da mai sharar da ta taso daga Nyanya ko Karu ta sha cunkoson hanya don ta goge kujerun da za mu zauna mu yi sujada, jikinsu irin wanda Ubangijinmu ya ɗauka ne. Mun san sunayensu? Mun taɓa tambaya ko an ɗora tukunya a gidajensu jiya?

Wani zai ce ikkilisiya ba gwamnati ba ce, aikinta ceton rai. Gaskiya ne ciyar da ƙasa nauyin hukuma ne, kuma ba za mu sauke mata shi ba. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda muke bi ya yi wa taro wa'azi, da ya ga yunwa ta kama su bai sallame su da addu'a kaɗai ba, sai da ya ciyar da su. A babi na 25 na Bisharar Matiyu ma ya ɗaura hukuncin ranar ƙarshe a kan yadda aka yi da mai yunwa, da baƙo, da marar lafiya, da ɗan kurkuku, ya kuma lissafa kansa a cikinsu. Wa ya ba mu izinin raba abin da shi ya haɗa?

Wani kuma zai ce, ai ga abin da rabon ya jawo, gara a bari. Wannan shawarar mai ƙoshi ce. Darasin da ke cikin zuwan Almasihu shi ne kusantowa. Allah bai jefo taimako daga nesa ya koma ba, ya zo ya zauna wajen shekara 30 a ƙaramin gari, har aka san shi da sana'arsa da danginsa. In kowane gida mai hali a cikinmu ya san gida ɗaya marar hali, ya taka ya je, ya san abin da ke damunsu a watan Maris da Yuli kamar yadda yake tunawa da su a Disamba, uwa ba za ta goya ɗanta cikin duhun asuba ta je layin da ba ta da tabbacin dawowa daga gare shi ba. Zumuntar mata da ƙungiyoyin matasa na majami'unmu sun san unguwanni lungu-lungu, abin da ya rage a ba su hali, a kuma bi su.

Kowannenmu ya tambayi kansa kafin Kirsimeti mai zuwa: wannan bangaskiya da nake furtawa kowace Lahadi, ta taɓa sa ni na taka ƙafa zuwa gidan wani, ko ta rage mini ko da loma ɗaya daga akushina? In amsar a'a ce, to mun koma sahun waɗanda Ignatiyus ya yi faɗa da su, ko da bakinmu bai faɗa ba.

Allah ya ta'azantar da iyalan waɗanda suka rasu a Maitama, ya kuma ba mu kunnen ji.