Girman Wufa Ba Shi Ne Daɗin Sauti Ba

Duk wanda ya tsaya a shagon kayan lantarki ya saurari yadda ake cinikin wufa, wato akwatin nan mai fitar da amo mai kauri wanda ke girgiza ƙirji, zai lura cewa tambayar mai saye ba ta wuce biyu ba: inci nawa ce, kuma wat nawa aka rubuta a jikin kwalinta. A ra'ayina duka biyun ba su ne asalin mas'alar ba. Adadin nan na dubbai da ake rangaɗawa tare da haruffan PMPO ba shi da wata ƙa'ida da masana suka yi ittifaƙi a kanta, saboda haka mai hankali sai ya nemi inda aka rubuta RMS, ko da zai tarar adadin ya ragu ƙwarai.

Malaman ilmin sauti sun bayyana cewa sauti kaɗawar iska ne, ana auna yawan kaɗawar a cikin sakan ɗaya da ma'aunin Hz, kuma lafiyayyen kunne yana ji daga 20 zuwa 20,000. Rabon wufa shi ne can ƙasan wannan tsani. To, da yake sauti yana cin kamar mita 343 a sakan, zangon amo mai 40 Hz ya haura mita 8, wato ya fi tsawon akasarin falukanmu, don haka idan ya bugi bango ya komo ya haɗu da mai bi masa, sai a wani gurbi su taru su yi ruri, a wani gurbin kuma su kashe juna har mutum ya zaci wufar ta lalace. Ɗaki na bulo da siminti, mai daɓen tayil, ya fi tsananta wannan illa. Ke nan ɗakin ne ke da hukunci, kuma shi ya kamata a fara aunawa kafin a taɓa aljihu.

Ƙaramin ɗaki inci 8 ta ishe shi, matsakaicin falo kuwa inci 10 ko 12. Mai inci 15, wadda faɗin fuskarta ya ninka na mai inci 10 fiye da sau biyu, ta babban zaure ce. Shigar da ita ɗan falo tamkar ɗaure raƙumi ne a akurkin kaji. Kada a manta kuma cewa amo mai kauri yana ratsa bango fiye da siririn sauti, kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don an sayi sabon kaya. Bayan girma sai ƙirar akwatin. Rufaffe yana bin kiɗa da natsuwa, yana kuma yafe wa ƙaramin ɗaki. Mai huda yana ba da ƙarfi mai yawa a can ƙasa, abin da fina-finan yaƙi da tsawa ke bukata. Mai sauraren kiɗa ya sani cewa tsirkiyar ƙarshe ta jita mai kauri, mai tsirkiya huɗu, tana tsayawa ne a wajen 41 Hz, saboda haka ba shi da hujjar biyan kuɗin zurfin da ba zai taɓa ji ba.

Amma abin da aka fi wofintarwa, alhali shi ne kyauta, shi ne mararrabar sauti, iyakar da ƙananan lasifikoki ke miƙa wa wufa aiki. Ma'aunin THX, wanda ya samo asali daga kamfanin Lucasfilm na Amurka a 1983, ya tsayar da ita a 80 Hz, bisa dalilin cewa ƙasa da nan kunne ba ya iya tantance inda amo ke fitowa, sai mai sauraro ya ɗauka daga gabansa yake ko da wufar tana gefe. Daga nan ya dace a fara. In lasifikokin 'yan mitsi-mitsi ne kamar yadda ake sayarwa a saiti, sai a ɗaga zuwa 100 ko 120, domin kada a bar giɓi a tsakani. In amfilifaya ce ke yin rabon, to a murɗa maɓallin mararrabar da ke bayan wufar har ƙarshe, kada a tace sautin sau biyu. Wasu kan rikita mararrabar da layin nan na musamman na Dolby Digital, wanda ya shiga gidajen silima a 1992, layin da ake kira ɗigo ɗaya na 5.1; wannan layin a bar shi a 120 Hz, domin iyakar abin da aka zuba masa ke nan.

Wajen zaɓen mazauni, a ɗora wufar a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa, a bi gefen bango a durƙushe ana saurare; inda amon ya fito daidai, ba ruri ba rami, nan ne wurinta. Daga nan a kama labarun rediyo da namiji ke karantawa. Muddin aka ji kaurin muryarsa yana fitowa daga wajen wufar, iyakar ta yi sama ko ƙarar ta yi yawa, sai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har muryar ta koma gaba.