Shaidar Makashi a Kan Mahaifiyarsa: Rabuwar Kan Masu Kallon Psycho IV

A ranar 10 ga Nuwamba 1990 tashar Showtime ta Amurka, wadda ke cikin tashoshin talabijin da sai an biya kuɗi ake kallonsu, ta nuna Psycho IV: The Beginning, kashi na huɗu na labarin Norman Bates, mai masaukin baƙi da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya yana sanye da tufafin mahaifiyarsa da ta mutu. Alfred Hitchcock ne ya fara kawo wannan labari majigi a 1960 daga littafin Robert Bloch na 1959, sannan aka yi kashi na biyu a 1983 da na uku a 1986, dukansu domin gidajen sinima. Na huɗun kuwa talabijin aka yi wa shi, Mick Garris ya ba da umarni, Joseph Stefano wanda ya rubuta na farkon ya dawo ya rubuta shi, Anthony Perkins kuma ya fito a matsayin Norman karo na ƙarshe kafin rasuwarsa a Satumbar 1992.

Tsarin fim ɗin ba shi da sarƙaƙiya. Wata mai gabatar da shirin rediyo mai suna Fran Ambrose tana tattauna batun 'ya'yan da ke kashe iyayensu mata, sai Norman, wanda likitoci suka ce ya warke har ya yi aure, ya bugo waya da sunan aro, wato Ed, ya shiga ba da tarihin ƙuruciyarsa, ana nuna wa mai kallo abin da yake faɗa. Sunan aron ba a banza aka zaɓe shi ba, domin Ed Gein, mutumin Plainfield ta jihar Wisconsin da aka kama a 1957, wanda ya amsa kashe mata biyu da tone kaburbura, shi ne aka daɗe ana dangantawa da asalin labarin Bloch.

Tun daga lokacin da aka nuna shi kan masu kallo ya rabu. Wani ɓangare na ganin cewa fim ɗin ban tsoro yana rayuwa ne da abin da bai bayyana ba, saboda haka da aka buɗe ɗakin uwar Norman aka haska kowane lungu, sai tsoron ya tsiyaye, aka bar mai kallo da wasan kwaikwayo na rikicin gida. Irin waɗannan masu kallo sukan ƙara da ƙorafin cewa Stefano ya yi watsi da yawancin abin da aka gina a kashi na biyu da na uku, musamman batun Emma Spool, matar da ta ce ita ce mahaifiyar Norman ta gaskiya. Ɗaya ɓangaren kuma yana yaba wasan Henry Thomas, yaron nan na fim ɗin E.T., wanda ya fito a matsayin Norman yana saurayi, da na Olivia Hussey a matsayin uwar, suna cewa a nan ne aka fara ganin makashin a matsayin ɗan Adam da aka zalunta. Wannan muhawara ta fasaha ce, kowane ɓangare kuma yana da abin kamawa. Sai dai akwai wani abu da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa ba tare da sun lura ba, wanda shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa: dukansu sun karɓi labarin Norman a matsayin abin da ya faru.

Duk abin da mai kallo ya sani game da Norma Bates, mahaifiyar Norman, a wannan fim daga bakin ɗanta ya fito, ɗan da ya zuba mata guba. Shi ne ya ba da labarin ranar da ta tilasta masa sa rigar mata, ta shafa masa jan baki, ta kulle shi a ma'ajiyar kaya tana kiransa da sunan mace. Shi ne ya ba da labarin yadda takan jawo shi jikinta da wasan da bai dace tsakanin uwa da ɗa baligi ba, sannan ta juya ta wulaƙanta shi. Shi ne kuma ya siffanta saurayinta Chet Rudolph a matsayin ƙato mai cin zali. Idan aka zo wurin kisan, inda Norman ya zuba gubar sitirikinin, wadda ke ɗaɗɗaure jijiyoyi har numfashi ya tsaya, a cikin shayi mai ƙanƙara ya kai musu har ɗaki, an riga an shirya zuciyar mai kallo ta yadda zai ga kofunan nan biyu kamar hukuncin da ya daɗe bai zo ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba a san alƙalin kirki da yanke hukunci daga jin ɓangare ɗaya ba, balle ɓangaren da ya kashe abokin shari'arsa, ya kuma sace gawar ya ajiye a gida. Kyamara tana da wata dabara da baki ba shi da ita: abin da mutum ya faɗa ana iya shakkarsa, amma da zarar an nuna shi da hoto da launi da kiɗa, sai ya koma kamar gani, gani kuwa ya kori ji. Mai kallon da ya tashi yana tsinar Norma yana tausayin Norman bai yi wani bincike ba, shaidar mutum ɗaya ya saurara na tsawon sa'a ɗaya da rabi.

Ba a nufin cewa uwar ba ta da laifi, ko cewa irin wannan zalunci ba ya faruwa a gidaje. Yana faruwa, kuma yaron da aka rena da wulaƙanci yakan ɗauki tabonsa har tsufa. Stefano ma bai ɓoye cewa lokacin da yake rubuta fim ɗin farko yana ganin likitan ƙwaƙwalwa kan abin da ya shafi tasa mahaifiyar ba, don haka ba baƙo ba ne a wannan fage. Abin da ake jayayya a kai shi ne saurin da mai kallo ke yi wajen mayar da dalili uzuri. Dalili yana bayyana hanyar da mutum ya bi har ya isa ga aikinsa, uzuri kuwa yana sauke masa nauyin aikin, kuma tsakanin biyun akwai tazara mai nisa wadda fim ɗin talabijin, da yake yana buƙatar jarumin da za a zauna da shi a falo har ƙarshen shiri, yake da sha'awar taƙaitawa. Ko a labarin Gein na gaskiya, mahaifiyarsa Augusta mutuwar Allah ta yi a 1945, ba shi ya kashe ta ba, amma da yake ita ce ba ta nan balle ta kare kanta, a kanta marubuta suka fi jibga kayan.

Waɗanda suka fi shan mantuwa a hirar masu kallo su ne matan da ba su da hannu a komai. A cikin tarihin da Norman ya bayar akwai budurwar da ta biyo shi cikin gida da dare ana wasan wuta a gari, ya daɓa mata wuƙa a ɗakin uwarsa, akwai kuma wata mace da ta girme shi wadda ya shaƙe ya tura motarta cikin fadama. Kowace a cikinsu minti kaɗan aka ba ta, ba a nuna danginta ba, ba a nuna wanda ya jira dawowarta ba. Aikinta kawai ta zama mataki a bayanin ciwon makashi. Hitchcock, duk da abin da ake faɗa kan yadda yake sarrafa mata a finafinansa, ya bar mai kallon fim ɗin farko tare da Marion Crane, baƙuwar da Norman ya kashe a masaukinsa, fiye da minti arba'in, ya san bashin saurayinta da kuɗin da ta sata da nadamarta, kafin a kashe ta a banɗaki, shi ya sa mutuwarta take da nauyi har yau. A kashi na huɗu an juya ma'aunin gaba ɗaya, mai wuƙar ne ke da tarihi.

Sai kuma batun gado, wanda shi ne igiyar da ke riƙe da labarin. Norman ya shaida wa mai shirin cewa a daren nan zai kashe matarsa Connie, wadda ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa ce, saboda ta ɗauki ciki ba da yardarsa ba, shi kuma ya yi imani cewa abin da ke jininsa zai bi ɗan. Masu kallo da yawa sun ɗauki wannan a matsayin alamar cewa yana da sauran imani, tunda wai duniya yake son ya tsare daga wani makashin. Amma wannan tunani ne na barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe da aka kai shi inda bai kamata ba, domin ko da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa suna bin dangi, kisa ba ya cikin abin da ake gada, mafi yawan masu fama da taɓin hankali kuma ba su taɓa cutar da kowa ba. Ga kuma tufka da warwara: fim ɗin ya ɓata mafi yawan lokacinsa yana nuna cewa tarbiyya ce ta lalata Norman, sannan ya ɗora tashin hankalinsa na ƙarshe a kan jini. A ƙarshe Connie ta shawo kansa, ya yar da wuƙar, ya cinna wa tsohon gidan wuta, ya fito da kyar yana cewa ya kuɓuta. Sai dai masu fim ɗin ba su bar maganar a nan ba: sun mayar da kyamara ɗakin ƙasa inda kujerar uwar ke lilo ita kaɗai, suka rufe da kukan jariri, wato suka miƙa wa mai kallo tsoron gadon da Connie ta gama ƙaryatawa, suka kuma bar ƙofa a buɗe ko da za a nemi kashi na biyar.